Abin da Fata Ta Ce wa Kwalba

Modi mai turare, can bayan 'yan goro a Tsohuwar Kasuwa,
ba ya bari ka shinshina bakin kwalba.
"Kwalba maƙaryaciya ta," in ji shi, "kawo hannu."
Ya tsoma tsinken gilashi,
ya ajiye mini ɗigo ɗaya inda jijiya ke harbawa.
"Tahi. Kak ka murza.
Ka komo in rana ta hwaɗi."

Da hantsi ya zo mini da tsiwa,
ɓawon lemun tsami da aka matse kusa da ido,
kanumfari na bin sa a baya yana zuga shi.
Na ce a raina, na yi asarar sammako.
Ban kai Ƙofar Marke ba tsiwar ta kwanta,
kamar baƙon da ya gama ɗaga murya a zaure
ya tuɓe takalmi.

Sai wardi.
Ba ja mai ƙyalli ba,
wanda ya kwana a gindin randa, mai sanyi, mai kunya.
Ina bayan ɗan kabu-kabu ina ta kai hannu hanci
har ya waiwayo ya ce ko lahiya.

Azahar a Sakkwato ba ta san sabo ba.
Rana ta dafa ni, gumi ya tarar da mai,
suka yi wata shawara da ba a sa ni ciki ba.
Furen ya ƙone. Itace ya taso,
sandal ne ko hawi, ba zan rantse ba,
da ɗan ɗaci irin na kajiji
da aka tono da lakarsa a bakin Rima.
Na yi alwala, na ce shi ke nan, ruwa ya ci shi.
Ina kai goshi ƙasa ya gaishe ni.

A gida ƙanwata Ige ta goga hannunta a nawa
don ta sata.
A jikinta ya koma zuma da madara,
har 'yarta ta nemi ta lasa.
Mai ɗaya, ciki ɗaya ya haife mu,
amma ni bai ba ni zaƙi ko na anini ba.

Da almuru ina zaune a dakali
na ɗaga hannu zan kori sauro,
sai na tsaya.
Bagaruwa.
Jar fatar akuya da ta sha jima ta sha inuwa,
da hayaƙi kaɗan, da gishirin jiki.
Rigar Baba Gado ce a rataye bayan ƙyaure,
shekara tara ke nan ba mai ita.
Warin nan na gudu wa tun ina firamare,
ranar da yara suka toshe hanci suka ce ɗan majema ya shigo.
Duk kwalbar da na saya a rayuwata
katanga ce na gina tsakanina da shi.
Ga shi ya zagayo ta ƙofar baya,
a wuyan hannuna,
bai ma yi fushi ba.

Na tarar da Modi yana naɗe tabarma.
Na ce, gaya mini gaskiya, akwai bagaruwa a ciki?
Ya kama hannuna ya shinshina, ya daɗe.
"Babu. Ambar ɗai na, da icce.
Rabin magana nika saidawa, hwata ka cika sauran.
Kai da an ka haihwa cikin jima,
ka taɓa ganin hwatu biyu sun sha rini daidai?"

Na sayi mafi ƙanƙantar kwalba,
ba ta kai ɗan yatsana ba.
Ina shafawa da hantsi,
in haƙura da tsiwar lemu, in bar wardi ya yi zamansa ya tashi,
in ratsa rana.
Ba na gaya wa kowa wa nake jira.