Daren da Itto Za Ta Hau Tubkal

Itto, matso, ga ragowar shayi,
Gobe ke za ki ja gaban layi.
Tubkal ya cinye mini gwiwoyi,
Amma bai cinye mini baki ba.

Fara da ƙafa. Takalmi sabo
Kyansa a shago, ba a kwazazzabo.
Ɗauki tsohon da kuka yi sabo,
Wanda bai taɓa tasa miki bororo ba.

Safa biyu, ɗaya a cikin leda,
Dabino bakwai da ƙullin gyaɗa.
Duba batirin tocila, kar ki yarda
Da "ai jiya ta kama." Jiya ba yau ba.

Ku kama hanya da sauran dare,
Lokacin ƙanƙara tana a daskare.
In rana ta hau sai ta saki, ta zare,
Ta tafi da wanda bai yi sammako ba.

Tafiya kuwa, koya gun alfadari:
Ba ya tsalle, ba ya fahari.
Taku, numfashi, taku, ba sauri.
Mai tsere da dutse bai taɓa ci ba.

Sha ruwa ko ba ki jin ƙishi,
Sanyi kan ɓoye shi, ya lulluɓe shi.
Wanda ya ce miki ya ƙoshi, dube shi,
Ki ga ko leɓensa bai tsage ba.

Baƙin da za ki ja, ƙirga su,
A kowace kwana ki sake ƙirga su.
Na can baya shi ne ma'aunin tafiyarsu,
Ba dogon da ke gaba yana fito ba.

In wani ya yi shiru, ya dafe kai,
Yana tangaɗi, yana jin amai,
Maganin ba ya jaka, sauka ce kawai,
Ko ya rantse miki bai gaji ba.

Na taɓa jan wani Bafaranshe,
Saura taku ɗari mu kai ƙarshe,
Gashin hannuna ya miƙe, bakina ya bushe,
Sandar ƙarfe na kuka, ban taɓa ta ba.

Na ce mu juya. Ya zage ni sarai,
Wai ya biya, shi dole sai ya kai.
Muna gangara tsawa ta faɗi a kai,
Kan dutsen, ba kan namu ba.

Har yau duk shekara yana aiko kati,
Da hoton jikoki, da cakulati.
Ƙanena Bihi ya ce, "Ƙarin minti,"
A wata rana irin wannan.
Ba mu sake ganinsa ba.

Don haka yanke sa'a tun a ƙasa,
In ta cika, juya, ko ƙoli na kusa.
Dutsen yana nan baɗi, ba ya nisa,
Ke ce ba a yi wa alkawarin baɗi ba.

Sauka kuma ita ke kayar da gwani:
Murna a ciki, ƙafa ta mutu, ga raini.
Dasa dunduniya a tsakuwa, ki ji ni,
Kar ki hangi Imlil in ba ki tsaya ba.

Ledar biskit da gwangwanin kifi
A jaka za su dawo, ba a rafi.
Ruwan nan shi ke zuwa mana kofi,
Ba wani famfo ya haife shi ba.

Kafin ki fita, gaya wa Tamu
Hanyarku, da sa'ar komowa gidanmu.
In kun makara mun san inda za mu,
Don ba ko'ina waya ke kamawa ba.

Ungo sandata, ta san hanya.
Je ki kwanta, wata ya kai tsakiya.
Gobe zan haɗa shayi, jikanya,
Ba zan zuba ba in ban ji takunki ba.