Labulen Ɗakin Baƙi

Ni ce Paraska, mai dafa wa Fada dankali,
shekara talatin da ɗaya ina madafinsa.
Mai son labarin shugaban ƙasa
ya je ya tambayi masu littafi.
Wanda ni na sani, tari gare shi duk hunturu,
kuma bai taɓa sanin inda ya ajiye tabaransa ba.

Daren da suka zo, ƙanƙara ta kai gwiwa.
Su tara ne: malamin makaranta, Ilko na gidan waya,
masu saran katako da gatura a kafaɗa,
sai Mitro mai ƙararrawa, yana haki a bayansu.
Suka ce, "Fada Onufri, manya sun yanka mu a kan tebur
kamar burodi, ba wanda ya tambaye mu.
Gara mu zama ƙasa da kanmu.
A duk tsaunukan nan kai kaɗai ne ba ka da abokin gaba."
Ya ce, "Ni da ko awakina ba sa jin maganata?"
Suka yi dariya. Shi bai yi ba.

Tuta fa? Babu tuta.
Na kwance shuɗin labulen ɗakin baƙi,
na ciro mayafin aurena, ruwan ɗorawa, wanda asu ya fara taɓawa,
na yi ta ɗinki har fitila ta shanye manta.
Layin ya karkace wajen kusurwa.
Ba wanda ya lura, sai ni da allura.

Ran farko ya sa hannu a takarda goma sha ɗaya.
Ta fari ta ce yaro ya yi karatu
da harshen da uwarsa ta rarrashe shi.
Ta biyu a kan gyaran gada ce.
Ran na biyu ya buga waya birane masu nisa,
ya tsare akwatin Ilko kamar mai jiran haihuwa.
Shiru, kamar an aiki bawa garinsu.
Ran na uku igwa ta yi magana daga gindin kwari.

Samari suka gangara gada da bindigogin farauta,
yaran da shi ya koya wa baƙi da wasali.
Ya yayyafa musu ruwan albarka, hannunsa na rawa.
Na dafa miyar kabeji ta mutum goma sha bakwai.
Shida suka sha.

Daga nan bai ƙara cewa "ƙasa" ba.
Ya yi jana'iza, ya yi baftisma, ya tatsi awaki,
da dare ina jin sa ta bango yana jera sunaye goma sha ɗaya.

Bayan shekara shida baƙar mota ta tsaya a ƙofa.
Masu dogayen kwat ba su ko karkaɗe takalmi ba.
Ya ce, "Paraska, tabarauna."
Na duba tebur, na duba taga, na zazzage aljihun rigarsa.
Suka ce inda za shi babu abin karantawa.

An ce kurkuku ne can gabas. An ce zuciya ce.
Ba a ba mu gawa ba, ba a nuna mana rami ba.
Tabaran, ranar Lahadi na tsince su
a buhun gari.

Tuta kuwa, tun daren igwa na warware ta zare-zare,
labule ya koma tagarsa, ba wanda ya tuhume shi.
Amma allura ba ta mantuwa.
Kullum in hantsi ya dubi ɗakin baƙi,
haske kan biyo ƙananan hudojin nan
ya jeru a daɓe, ɗigo bayan ɗigo,
ya karkace wajen kusurwa.