Faifai Mai Taga

A Bagalam, bayan la'asar,
Inna Tsahara ta warware tsohon buhun shinkafa,
zare ja, zare fari,
ta ce in zauna in riƙe kaba.

Basilla a hannunta kamar mai ido.
A nawa, makauniya:
sau uku tana shan jinin yatsana.

Can kan murhu daudawar batso ta buɗe baki.
Inna ba ta tashi ba, da hanci take miya.
"Barira, je ki zare icce ɗaya,
tukunya ta fara faɗa."

Na dawo na iske faifaina ya karkace
kamar hular mai gudu.
Na so in cusa shi ƙarƙashin tabarma.

Ta amsa, ta juya shi, ba ta ce uffan ba.
Da ta kwashe tuwon hatsi cikin akushi,
nata goma na rataye a bango,
amma nawa ta ɗora.

Tururi na sulalewa ta gefen da bai rufe ba.
Baba ya shigo, hanci gaba,
ya ce, "Wa ya yi wa tuwo taga?"