Alƙalamin da Ba Ya Taɓa Takarda

Mista Garbutt ne ya miƙo mini shi ta saman shinge,
cikin gwangwanin biskit mai tsatsa a murfi.
Shekara talatin yana fentin ƙananan jiragen ƙasa,
yanzu hannu ya fara rawa,
ko shayi sai ya zubar da rabi.
Na ce nawa?
Ya ce ka riƙa wanke shi, kuɗinsa ke nan.

Ban gane ba a ranar.

A nan Hull, in Nuwamba ta kama,
ƙarfe huɗu rana ta naɗe tabarmarta.
Na dawo daga tura gadajen asibiti,
na shiga ɗakin katako na bayan gida,
na buɗe taga, na ɗaura takunkumi,
na kunna injin iska,
ya hau gurnani kamar kyanwar da ta ƙoshi.

Alƙalami ne, amma ba ya taɓa takarda,
daga nesa yake faɗin abin da ke cikinsa.
Ka danna da manuniya, iska ta fito,
ka ja baya kaɗan, launi ya biyo sawunta.
Iska a farko, iska a ƙarshe, in ji dattijon,
launi baƙo ne a tsakani.

Daren farko tofi ya yi ta yi mini.
Na ɗura masa fenti yadda ya fito daga kwalba,
da kauri kamar kindirmo,
ya shaƙe, ya yi tari,
ya watsa mini ɗige-ɗige har kan tabarau.
Dare na biyu na cika ruwa, ya koma tsala,
ya faɗi kan takarda yana miƙe ƙafafu
kamar gizo-gizon da aka taka.

Asabe ta leƙo, ta daɗe tana kallo.
Malam, ta ce, ko kunu sai an san hannu.
Ta ɗiga ruwa, ta juya da tsinke,
ta shafa a jikin kofi ta ga yadda yake gangarowa.
Haka. Madarar da aka tatso yanzu.

Kwalabe biyar gare ni, duka na ruwa:
ja, shuɗi, ruwan ɗorawa, fari, baƙi.
Da wata motar katako ta wasan yara
da na tsinta a kasuwar Lahadi, fam ɗaya.
Bayan motar babana nake nema,
wadda ke ɗaukar gyaɗa daga Gumel,
inda kore ke narkewa ya zama ɗorawa
ba ka ga wurin da suka gaisa ba.
Ina yaro na sha shafa wurin da yatsa
ina neman ɗinkin.

Sati uku kafin ya fito,
faɗinsa bai kai tafin hannu ba.
Na zauna ina kallonsa har sanyi ya shiga ƙafata,
na kashe fitila, na tafi na kwanta.

Ban wanke ba.

Da safe allura ta ƙi motsi.
Na ja da ƙarfi, tsininta ya lanƙwashe
kamar ƙayar kifi.
Fam tara, da kwana shida ina jiran ɗan aike.

Yanzu na san lissafin:
feshi minti goma, wanki rabin awa.
Zubar da ragowa, goge kofi da auduga,
toshe baki da yatsa har ruwa ya yi kumfa,
zare allura a hankali, shafe ta daga gindi zuwa tsini,
mai da ita kamar mai sa wa jariri kwalli.

Jiya na ɗaga masa motar ta saman shinge.
Ya juya ta, hannunsa na kaɗawa,
bai ce ta yi kyau ba.
Ya ce, ka wanke?

Na koma ciki na cika kofin da ruwa,
na yi ta fesawa kan farin ƙyalle,
kore, kore-kore, inuwar kore,
har ya zama ba abin da ke fita
sai ruwa da iska.