Almakashin Cikin Jini

Ƙarfe biyun dare a ɗakin gwaji.
Janareta na tari a bayan gini,
ni da firiza mun yi jugum,
ita tana tsaron sanyi, ni ina tsaron jinin Zailani.

Bai cika cokali ba.
Mai shi ɗan Ƙofar Marusa ne, shekara bakwai.
In ya faɗi sai ya dafa ƙasa, ya dafa gwiwa, ya dafa cinya,
ya hau jikinsa kamar mai hawan tsani.
Uwarsa Turai ta sha jin suna iri-iri:
wasu sun ce iska, wasu sammu,
wata maƙwabciya ta ce lalaci ne kawai.
Likita ya bi littafin gadonsa shafi-shafi,
ya iske harafi ɗaya ya sauya,
can a gefen layi, inda ba a zaton magana.
Ya rubuta, ba a san nufinsa ba.
Ya turo mani.

Ni ɗiyar tela ce.
A ƙarƙashin keken Babana na yi rarrafe,
ina tsintar ƙyallaye a rumfarsa ta tsohuwar kasuwa.
Yakan ce, Barira, yadi ba riga ba ne
sai an fid da na fitarwa, an haɗa baki da baki.
Ya ja alli, ya lumshe ido ɗaya, ƙyas.

Sai da na girma na gane kowace ƙwayar jiki tela ce.
Takan kwafo saƙo daga littafin gado,
dogo, da rara a tsakani,
ta bi alli ta datse, ta watsar da rarar,
ta ɗinke hannu da kafaɗa, kafaɗa da wuya.
To in alli ya goce?
Almakashi ba ya tambaya.

Na fara neman saƙon a cikin jinin.
Zaren RNA ya fi man shanu tsoron rana,
gumin yatsa kaɗai ya isa ya cinye shi.
Na sa safar hannu, na ɗora shi kan ƙanƙara,
ko numfashi a gefe nake yi.
Amma jini ya yi ƙasa da murya,
wannan zance na tsoka ne, ba nasa ba.

Sai na yanko wurin da ake zargi, kashi biyu,
ɗaya da harafin kowa, ɗaya da na Zailani,
na ba ƙwayoyin da nake kiwo a faranti,
na ce, ga yadi, ku ɗinka in gani.
Kwana biyu ina leƙensu kamar mai jiran kaza ta ƙyanƙyashe.
Wuta ta ɗauke sau huɗu.
Malam Nafi'u mai gadi ya ara mani man babur ɗinsa.

Yanzu inji ya gama nasa,
zafi, sanyi, zafi, sau talatin da biyar,
har raɗa ta zama shela.
Na ɗiga su a ramukan jel, na kunna lantarki.
A wannan tsere gajere ke yin gaba.

Na kashe fitila, na kunna shuɗiya.
Layi biyu sun haska.
Na farko ya tsaya inda ya kamata.
Na biyu ya wuce shi, ya yi ƙasa,
marar nauyi,
riga ce da aka ɗinke ba hannu ɗaya.

Sau uku ke nan ina maimaitawa, sau uku yana wucewa.

Ban yi murna ba. Na dai zauna.
Wannan ba magani ba ne,
ba zai hau da yaro matakalar aji ba.
Amma ranar Laraba Turai za ta zo da kati a leda,
likita zai ce mata ba iska ba ce,
ba hannun kowa, ba laifinta,
kuma yaron ba rago ba ne.

An fara kiran assalatu wajen Ƙofar Ƙaura.
Na rubuta tsawon layin a littafi, da kwanan wata.
Almakashin Baba na cikin durowata a gida,
ya yi tsatsa a gindi.
In na koma zan sa mashi mai.