Burodi Biyu a Barbate

Kafin jiragen masunta su dawo
nakan buɗe ƙofar shagona,
ƙamshin burodi ya riga ni fita titi.
Mai fara zuwa kullum Evaristo ne,
tsohon maɗinkin koma,
wanda hularsa ta sha gishirin teku
har ta yi furfura kamar mai ita.

¿Cómo estás? nake ce masa,
hannuna cikin gari, idona kan sikeli.
Tirando, in ji shi.
Ana dai ja.
Kamar mai jan igiya
bai san abin da ke ƙarshenta ba.

Haka muke a garin nan:
tambaya ta fito, amsa ta tare ta a hanya,
su gaisa, su wuce,
ba wanda ya leƙa cikin wani.

Burodi biyu yake saye.
Wata bakwai ke nan da aka kai Casilda makwanci,
amma har yau biyu ne.
In naɗe masa, in karɓi kuɗi,
bakina ƙanin ƙafata.

Ran Talata iskar gabas ta taso,
ta hana jirage fita, ta hana kowa sakat.
Ya shigo yana ƙirga kwabbai,
suka suɓuce, suka watse ƙarƙashin kanta.
Ya tsaya yana kallonsu. Bai sunkuya ba.
¿Qué te pasa? na ce. Me ya same ka?
Nada, ya ce. Ba komai.
Amma wannan ba komai ɗin
ya fi buhun gari nauyi.

Na goge hannu, na zagayo,
na sauke kwando daga kujera, na tura masa.
Na yi tambayar da ba a yi a tsaye:
¿Cómo te sientes, Evaristo?
Can ciki, yaya kake ji?

Shiru ya yi tsawo
har na ji itace yana faɗuwa cikin tanda.
Estoy triste, ya ce.

Harshenmu yana da ƙofa biyu ta faɗin kai.
Soy, abin da aka halicce ka da shi,
kamar launin ido.
Estoy, inda yau ta ajiye ka.
Bai ce soy ba. Na riƙe wannan a raina:
baƙin ciki masauki ne gare shi,
bai riga ya zama sunansa ba.

Ya ce na biyun yakan kai shi bakin gaɓa,
kan dutsen da take zama tana jiran jirginsa,
ya gutsuttsura wa tsuntsayen ruwa.
Su ma, in ji shi, ba sa tambayar komai.

Sai ya ɗago kai.
¿Y tú, Herminia? Ke fa?

Na buɗe baki in ce bien, lafiya lau,
kalmar ta maƙale kamar ƙayar kifi.
Shekara uku Leandro yana Hamburg,
kiransa minti biyu ne, rabi maganar sanyi.
Estoy cansada, na ce. Na gaji.
Ban san na gaji ba sai da na ji a bakina.

Ƙauri ya tashe mu.
Burodin ƙarshe ya ƙone ta gefe ɗaya.
Ya ce kada in zubar.
Muka raba shi da hannu, da zafinsa,
kwabban suna nan ƙasa,
iska tana ta bugun ƙofa.