Littafin Shebur Bakwai

Littafin nan da Baba ya bar mini,
bangonsa ya sha manja, ya sha ruwa,
har yau warin goro da kananzir yake yi.
Shafin farko, da jan biro:
"Aboabo, Kumasi. Daren da rafi ya shigo ɗaki ba sallama."

Daren ne ruwa ya ɗauke keken ɗinkin Mumuni,
ya kwashe tukwanen wacen Mma Azara,
ya bar akuyar ladan a kan rufin kwano
tana kuka har aka kira assalatu.

Da gari ya waye, mutum bakwai,
shebur bakwai, biyu ma na aro ne,
suka tsaya bakin gota suna kallon juna.
Ba shugaba, ba suna, ba hatimi.
Mumuni tela ya fara naɗe ƙafar wando.
"Jiran hukuma," in ji shi, "jiran gawon shanu ne."
Ya faɗa har gwiwa.

Ga rubutun Baba, karkatacce kamar lungun Zango:
Fuseni yaron mota, sidi ɗari biyu, tsohon kuɗi.
Azara, babu kuɗi, koko tukunya guda.
Mame Serwa, Ba'asantiyar ƙetaren titi,
ta ba da baro, ta ce kada a rubuta.
Baba ya rubuta.

Daga gota aka wuce maƙabarta da adda da tsintsiya.
Aka sayi makara biyu.
Aka yi layi a asibiti, hannun riga a naɗe,
aka ba da jini ga wata baƙuwa
da babu mai jin yarenta.
Wata shekara benci goma sha biyu na makaranta.
Wata shekara babu komai,
shafi fari fat sai tabon shayi:
shekarar rigimar kujerar gaba ke nan,
Dagomba suka ja gefe, Mosi suka ja gefe,
Hausawa suka ce su ne tushe.
Gota kuwa ba ta tambayi asalin kowa ba,
ta sake cika.

Shafi na arba'in da ɗaya ya fi sauran nauyi.
Damba ma'aji ya tafi da asusu ɗungurungum,
wasu suka ce Libiya, wasu suka ce teku.
Baba bai rubuta "ɓarawo" ba.
Ya rubuta "bashi", ya ja layi, ya bar fili.
Shekara tara filin nan yana jira.

Ran wata Lahadi sai ga mutum kamar sillen kara,
idonsa a ƙasa,
ya ɗauki shebur ɗin da ya fi kowanne lanƙwasa.
Ba wanda ya ce masa sannu.
Ba wanda ya ce masa tashi.
Azara ce kawai ta miƙa masa koko,
ba sukari.
A filin nan Baba ya sa: "Yana biya."

Yanzu cikin bakwai saura biyu.
Mumuni ba ya gani,
amma daga kan benci yakan ji ƙarar shebur
ya ce, "Wannan yaron wasa yake yi."
Samarin yau suna da riguna iri ɗaya,
kafin su taɓa kwata sai sun ɗauki hoto.
Na yi mita, na gaji, na bari,
tunda bayan hoton suna shiga, har gwiwa su ma.

Jiya jikar Mame Serwa ta tambaye ni
wane ne ya kafa ƙungiya.
Na duba littafi gaba da baya,
ban ga wurin da aka ce wane ba.
Na ce mata, ruwa.

Hadari ya haɗu ta wajen Asawasi.
Jan biron Baba ya bushe tuntuni,
da shuɗi nake rubuta kwanan wata.